Filin Wasa ko Mashaya: Ina Ya Fi Dacewa a Kalli Ƙwallo a Ingila?

Masu shirin zuwa Ingila suna yawan tambaya ko su nemi tikitin shiga filin wasa, ko su kalli ƙwallo a mashaya kamar yadda 'yan gari da dama suke yi.

Ta fuskar kuɗi mashaya ta fi sauƙi, domin galibi abin da mutum ya sha kawai zai biya, ko da lemo ne. Tikitin Anfield (filin Liverpool) ko Old Trafford (filin Manchester United) kuwa yana da wuyar samu, saboda masu rajista da kulob ake fara sayar wa, wanda aka saya a bayan fage kuma yana iya zama jabu.

Sai dai a Ingila ba a nuna wasannin ƙarfe 3 na ranar Asabar kai tsaye a talabijin, don haka wanda ya dogara da mashaya a lokacin ya yi asara. A filin wasa kuma dokar 1985 ta hana shan giya a inda ake hangen 'yan wasa, abin da a ganina ya rage hayaniyar masu shan giya a kan kujeru.

Filin wasa ya dace da mai iyali da wanda ba ya son zama kusa da giya, matuƙar ya tanadi tikiti da wuri. Mashaya ta dace da mai ƙaramin guzuri wanda cunkoso da warin giya ba su dame shi ba.