Kananzir ko sabulu: wanne ya fi fitar da baƙin mai?

Yaran gareji a Gusau sun sha yi mini wannan tambaya. Ƙwayoyin ruwa suna da caji a gefe-gefensu, suna riƙe juna gam, shi ya sa ruwa zalla ba ya taɓa mai. Kananzir kuwa dangin mai ne, duk sinadaransu kabon da haidirojin ne, nan take yake narkar da shi. Sai dai yana kwashe maiƙon fata har hannu ya tsattsage, ga tsada, ga saurin kama wuta.

Ƙwayar sabulu baki biyu gare ta: ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa. Akwai arha, amma sai an cuɗa sosai.

Mai wanke kacar babur, kananzir ya fi masa. Mai wanke hannu zai ci tuwo, ya nemi sabulu.