Wata huɗu da Rigol DS1054Z a shagon gyaran inbata

Tunda kun dame ni da tambaya kan yadda na samu Rigol DS1054Z, sikop ɗin da na koma aiki da shi, wato na'urar da ke zana siginal ɗin lantarki a fuska, to ga shi. Da can wani ɗan sikop na aljihu nake aiki da shi, ba sai na kama suna ba. Ran nan wani Alhaji ya kawo inbata daga Bompai, na ɗora a kan bod, siginal ɗin da ya kamata ya fito kilohaz 20 sai ga shi yana tafiya a hankali kamar wutar NEPA, wallahi saura kiris in cire lafiyayyen IC, wato ɗan cip ɗin da ke kan bod. Ashe da na tsawaita lokacin da fuska ke nunawa, sikop ɗin ya rage saurin ɗaukar samfur, wato sau nawa yake auna siginal a sakan, bai ce min uffan ba, kuma ƙa'idar Nyquist ita ce sai ɗaukar ta haura ninki biyu na abin da kake aunawa, in ba haka ba ƙarya zai zana maka.

Shi kuwa Rigol saurin ɗaukar na nan a saman fuska kana gani. Samfur biliyan 1 a sakan ɗin da aka rubuta a jikin kwali ba daga sama ya faɗo ba fa, ɗan kiristal ne a ciki mai bugun megahaz kaɗan, PLL, wato da'irar da ke ninka bugu, ta ninka shi har gigahaz 1, wannan agogon shi ke gaya wa ADC, wato ɓangaren da ke mayar da siginal lambobi, ɗauka, ɗauka. Shi ya sa in kiristal ya kauce komai ya kauce tare da shi. A takardar Rigol iyakar kaucewar ppm 25 ce, kashi 25 cikin miliyan, wato a megahaz 1 haz 25 kenan, mu masu inbata ko a jikinmu.

Amma kar ka zata kullum biliyan ɗin za ka samu. Yana da tasha huɗu na jona siginal, tasha ɗaya ce ke cinye shi, ka kunna biyu ya koma miliyan 500, uku ko huɗu miliyan 250. Ga ma'ajiya, ɗigo miliyan 12 take ɗauka, fuskar kuma gida 12 ce, saboda haka a milisakan 1 kowane gida da saurin biliyan 1 ta cika cif, ka murɗa zuwa milisakan 10 dole saurin ya sauko miliyan 100. Yarona sai da na zana masa a bayan kwalin indomi sannan ya yarda.

Ba shi da ramin jona agogon waje na megahaz 10, wannan sai manyan na lab, a Sabon Gari wa zai nema ma. Ku dai tanadi ƙyallen rufe shi kafin ƙurar hunturu ta sauka.