Kifin ya yi daɗi, ni ne ban tambayi kuɗi ba

Jama'a akwai wani restora a bakin kogin Isa nan Yamai, in ka zauna kana hango gadar Kennedy da fitilun Harobanda, suna dai ba zan faɗa ba don rabin abin da ya faru laifina ne, amma duk mai niyyar kai yarinya irin wurin nan ya karanta tukuna.

Wata ukku muna hira da wata yarinya a WhatsApp, ɗaliba ce a jami'ar Abdou Moumouni, kuma da bakina na ce mata akwai wurin da nike cin kifi kowane samdi. Ƙarya ce. Sau guda na taɓa wucewa ta ƙofar wurin, shi ma a bayan moton wani. Ƴan fada ne sunka zuga ni wai mace ba ta son talaka mai kai ta wurin dambu da kopto, na ari shaddar yayana na sa jika 15 a aljihu na tahi ina jin kaina kamar wani direkta, ga zafin Afrilu, kafin in isa sitacin shaddar ya narke a bayana.

Wurin dai wallahi ya yi. Teburori a waje ƙarƙashin itace, iska na tasowa daga ruwa, masu kwalekwale na komawa gida da magariba, kwanoni tsaf, ga wurin wankin hannu da sabulu na gaske ba ruwan omo ba. Abin da bai yi ba sauro ne, da rana ta faɗi sai su fito kamar an aike su, in za ka je ka sa safa.

Ta iso da ɗiyar baffanta, wai rakiya. Ban ce komi ba, na dai sake lissafi a zuciya. Anka kawo takardar abinci, komi da kuɗinsa a gefe, bisap dala ɗari, tsire, firit, aceke da aloko, sai layin kapiten kawai, wato giwan ruwa, babu lamba, an rubuta da Faransanci wai gwargwadon nauyi. Na gani fa, na kuma gane, lakkwal na yi. Yaron da ke sarbis har ya ce min patron in kawo ku gani kafin a gasa? Ni kuma don kar a ce baƙo ne na ɗaga hannu na ce kawo babba, ai ka san ni. Yaron nan ya dube ni, bai taɓa ganina ba duniya, ya ce na'am patron. Tun nan na san yana da tarbiyya.

Minti 50 munka jira, wannan ya yi yawa gaskiya. Amma da kifin ya zo na yafe musu. Fatar ta gasu tana ƙaras-ƙaras, cikin fari fat yana rabuwa da kansa, ba ƙarni ko kaɗan, an zuba albasa da tumatur da wani yaji mai lemun tsami a kai, ƙaya kuma manya ne ba irin na karfasa masu ɓoyewa a maƙogwaro ba. Ƴar rakiya ba ta ce uffan ba har ta kai ga kan kifin.

Ina shirin fara maganar da na kwana biyu ina hardacewa sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Sunka tada gurup, wato injin ba da wuta, kuma teburinmu ne mafi kusa da shi, ku roƙi tebur na can bakin ruwa don Allah. Ina magana tana cewa mi? ina ƙara murya tana cewa ban ji ba, har na tattara ƙarfina duka na ce NI DA AURE NIKE NUFI, daidai lokacin da gurup ya yi tari ya mutu. Tsit. Har masu wanke-wanke sun ji. Wani dattijo a teburin gefe ya aje cokali ya ce Allah shi sanya alheri ɗana, matarsa ta ce amin. Ita kuwa wadda anka yi dominta ta dubi yaron ta ce a sa mata sauran kifin amporte.

Adisiyo, wato kuɗin abincin duka, jika 27 da dala ɗari. To nan ne wurin ya ci tauraronsa, don yaron bai kawo takardar kan tebur ba, zuwa ya yi ya ce patron ana son ka gyara motonka, ni da na zo a taksi. Can bayan kicin ya nuna min, ya ga fuskata, ya ce babu komi kira wani. Na kira abokina ya turo min ta Nita, bayan ya gama dariya ya kuma sa ni a haut-parleur ƴan fada duk sun sha labari. Minti 20 ina tsaye kusa da buhun gawayi, yaron yana kai musu ruwan sanyi yana cewa patron na waya da Kotonu.

Da dare ta rubuto mun gode Allah ƙara buɗi. Bayan kwana biyu ta ce ashe ba ta gaya min ba, an riga an kawo kuɗin gaisuwarta tun kafin azumi. Ƴar rakiyar ce har yau take tambayata yaushe za a koma.

Na koma kam, ranar wata talata, da tsohuwar rigata. Na ce a auna a gabana, anka ba ni yanki na jika 3 da aceke na ci na ƙoshi. Yaron ya kawo bisap ya aje, ya duba kujerun nan biyu, ya ce patron yau in kashe gurup ko in bar shi?