Takalmin tirayatlon ko na tseren titi: wanne za ka saya?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce yayanka da ke Faransa zai aiko maka da takalmin keke ƙafa ɗaya, kana shirin shiga tirayatlon ta gajeren zango, wato iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, kuma ka rasa zaɓi tsakanin wanda aka ƙera don gasar da na masu tseren titi.

Ta ƙasa kusan ɗaya suke: tafi mai tauri wanda ba ya lanƙwasa, da maƙali mai noti uku da ke kama feda. Bambancin yana sama.

Na tirayatlon an yi shi ne don mutumin da ya fito daga ruwa jiƙe sharkaf yana sauri. Yawanci maɗaurinsa ɗaya ne, babba, mai mannewa. A dunduniya akwai 'yar igiya da za ka sa yatsa ka ja. Cikinsa sumul, don yawanci ba a sa masa safa, ga huji-huji da ruwa ke tsiyayewa. Ƙwararru tun kafin a fara suke maƙale shi a feda, su ɗaure da robar ɗaure kuɗi don ya tsaya daidai. Su ɗaura hular kwano, su tura keke ba takalmi har su wuce layin hawa, su hau su taka a saman takalmin, robar ta tsinke, sannan su zura ƙafa keke na tafiya. A kilomita 20, daƙiƙun nan na iya raba ka da ayarin gaba.

Na titi kuwa riƙo ya fi. Yawancinsu da ɗan maɓallin BOA da ake murɗawa, waya ta matse ƙafa ko'ina daidai. Da irin gasar Ironman za ka shiga, mai keke kilomita 180, da shi zan ce ka ɗauka, don minti ɗaya wajen sa takalmi ba ya kai zafin ƙafa na awa shida.

To amma a Damagaram za ka yi atisaye, kuma nan ne nake so ka tsaya. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙafa tana kumbura. Na taɓa fita hanyar Mirriya da takalmin titi da ya yi min cif da safe, kafin in juyo sai da na sauka gindin bishiya na cire shi, yatsuna sun mutu, tafin ƙafa kamar na taka garwashi. Na tirayatlon yana shan iska, ta nan ya ci. Sai dai da hunturu hujin nan yashi yake sha, yashi kuma a ƙafa marar safa tsaga fata yake. Ka riƙa sa safa a atisaye, ka bar ƙafa tsirara sai ranakun gwajin sauyi daga iyo zuwa keke.

Ni dai na tirayatlon nake ba ka shawara, da sharaɗin za ka koyi hawan nan a fili marar motoci har ya zauna maka. In ba za ka koya ba, amfaninsa ya ragu sosai.

Kafin ka kira yayanka, duba fedarka. Maƙalin Look Keo ba ya shiga fedar Shimano SPD-SL duk da su biyun noti uku ne. In Shimano ce, ka ce masa ya sayo maƙali mai ruwan ɗorawa, yana barin ƙafa ta ɗan juya digiri 6, ya fi sauƙi ga gwiwar sabon shiga. Ya haɗo da na canji ko biyu, don roba ce, tsakuwarmu tana cinye ta da wuri, kuma ban taɓa cin karo da ita a Kasuwar Dole ba. Awo kuma da la'asar za ka yi: taka takarda, zana ƙafarka, auna tsawon da santimita ka tura masa, ya bar ɗan fili gaban babban yatsa.