Digirin kimiyyar siyasa: yadda na same shi

Na shiga sashen kimiyyar siyasa ina zaton kullum muhawara za mu riƙa tafkawa kan zaɓe da 'yan takara. Ashe ba haka abin yake ba. Makon farko aka ɗora mana Aflatun da Aristotal, masana falsafar tsohuwar Girka, ni kuwa sai hamma nake yi.

Darasin falsafar siyasa na shekara ta biyu ne ya kama ni. Malamin, wani dattijo da alli ke ɓata wa hannun riga kullum, ya sa muka gwada Hobbes, mai cewa in babu hukuma mai ƙarfi mutane za su cinye juna, da Ibn Khaldun da batunsa na asabiyya, wato haɗin kan da ke kafa daula kafin jin daɗi ya narkar da shi. Ranar har aka tashi muna baranda muna gardama. Darasin hulɗar ƙasashe ma ya yi armashi, tun daga yarjejeniyar Wesfaliya ta 1648, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai, har zuwa ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Hanyoyin bincike kuwa, nan na ji jiki. Ba wanda ya faɗa mana akwai lissafi, sai ga mu gaban kwamfuta muna fama da ƙididdiga, mai koyarwar kuma yana sauri kamar ana korarsa. Littattafan ɗakin karatun ma sun kwana biyu.

Batun aiki fa, takardar ita kaɗai ba ta wadatar ba. Sai da na yi wata shida ina aikin sa kai a wata ƙungiya mai sa ido kan zaɓe kafin aka fara kirana ganawa.