Kafintan da ya gyara min ƙusar maratayin bindiga a Na'ibawa

Salam 'yan uwa mafarauta da 'yan sintiri, duk wanda ƙusar maratayin bindigarsa ta fara girgiɗi don Allah kar ya yi wasa da ita, ina nufin ɗan sukurun nan da ake ɗaurewa a jikin ƙota wanda zoben bel yake shiga cikinsa. Bindigata mai baki biyu ce, da lasin ɗina, kuma tun shigowar hunturu ƙusar baya take juyawa ba ta kamawa, ka ɗaure yau gobe ta saki. Abin ba ƙarami ba ne wallahi, mutum yana tafe a daji bindiga a kafaɗa ta suɓuce ta daki ƙasa, in da harsashi a ciki ai sai dai Allah ya kiyaye.

Wani abokin farautarmu ne ya yi min kwatancen wani dattijo kafinta a 'yan katako na Na'ibawa da ke Kano. Sharaɗinsa na farko shi ya sa na ji na yarda da shi, ya ce shi aikin katako ya sani, kar a kawo masa bindiga rumfa, a kwance ƙotar a gida a kawo ita kaɗai. Haka na yi. Yana karɓa ya zare ƙusar da hannu ko filaya bai sa ba, ya leƙa ramin ya ce "ɗana ai zaren katakon ne ya cinye, sukurunka lafiyarsa lau." Ya ce da damina katako yana shan danshi ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta busar da shi ya tsuke, ga nauyin bindiga kullum yana jan wuri ɗaya, a hankali ramin sai ya buɗe.

Na ce Baba to a sa mai kauri mana a wuce wajen, ya girgiza kai ya ce haka ake tsaga ƙota, kuma in ta tsage aikin ya koma babba. Sufa gulu ma ya ce ba ruwansa da shi a nan don in ya bushe ƙamewa yake ya farfashe. Tsinken sakace ko karan ashana da gam yana riƙewa in ramin bai lalace sosai ba, amma nawa ya wuce nan.

Abin da ya yi shi ne ya sa injin huda ya share ramin ya fito tas, sannan ya fere ɗan guntun ƙirya daidai kaurin ramin, kuma nan ne na ga gwaninta, ya yanko shi ta yadda sukurun zai ratsa jijiyar katakon a gicciye, ya ce in ya bi tsawonta ba ya kamu sosai. Ya kwaɓa gam ɗin Araldite mai haɗi biyu, irin mai jinkirin bushewa ba na minti 5 ba, ya shafa ya buga fegin ya goge wanda ya tsatso. Daga nan ya ce sai ya yi awa 24 kafin ya ƙara taɓa shi. Da na dawo ya shafe wajen ya huda sabon rami siriri wanda bai kai kaurin sukurun ba, har da naɗa salatif a bakin abin hudar don kar ya zarce zurfi, ya goga sabulu a zaren ya ɗaure a hankali har hujin ƙusar ya tsaya a gicciye yadda zoben zai zauna daidai. Kan ƙusar gaba kuwa ya ja min kunne, ya ce in a katakon gaba take to wajen ba kauri, mai noti ake sawa, dogon sukuru zai iya taɓo hancin bindigar.

Naira dubu 3 ya karɓa har kuɗin gam, ni a ganina ya yi araha.

Inda ban ji daɗi ba, rumfar tana can ciki a lungu ba allo ba komai, sai ka yi ta tambaya, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki ko kaɗan. Sannan kalar da ya shafa a kan fegin ta ɗan fi ta ƙotar haske, in ka ƙura ido za ka ga alama a gefen ƙusar, mai son ƙyale-ƙyale ya faɗa masa tun farko ya haɗa kala da kyau. Amma riƙo kam ya riƙe, mun fita daji da ita bayan nan, na sha ratayawa ina saukewa ko motsi ba ta yi. In za ku je ku tafi da safe kafin aikin ƙofofi ya sha masa kai, ku riƙe bel ɗin da zobensa don ya gwada a gabanku.