Sojojin G.I. Joe ko mutum-mutumin Kenner: wanne zai jure zafin Damagaram?

Malam, na karanta tambayarka, kuma ga yadda na fahimce ta. Wani mai kayan gwanjo a kasuwar Dole ya ware maka tsofaffin mutum-mutumin wasa kashi biyu, kashi ɗaya ƙananan sojojin G.I. Joe, ɗayan kuma na kamfanin Kenner, irin waɗanda aka yi wa fim ɗin Star Wars. Kuɗin hannunka ba za su ɗauki duka biyun ba, ɗakinka rufin kwano ne kuma babu na'urar sanyaya, sannan kana so ka san wanne ne zai kai shekara 10 nan gaba a hannunka bai zama tarkace ba. Shawarata ita ce ka ɗauki sojojin, duk da cewa su ne za su fara ba ka matsala, kuma zan bayyana dalilin da ya sa na ce haka.

Idan ka jera su a tabarma za ka ga tsayinsu ɗaya ne, wajen santimita 9 da rabi, har mutum ya zaci kamfani ɗaya ne ya yi su. Kenner, wani kamfani da ke birnin Sinsinati a Amurka, shi ya fara fitar da nasa a 1978, ya ci gaba har 1985. Kamfanin Hasbro kuwa tun 1964 yake da G.I. Joe, amma babba ne mai tsayin kusan santimita 30, kuma a 1982 ne ya dawo da shi a wannan ƙaramin tsayi bayan ya ga yadda kasuwar Kenner ta buɗe, ya yi ta buga shi har 1994. Ke nan mafi ƙuruciya a cikin abin da aka nuna maka ya haura shekara 30, mafi tsufa kuma ya haura 45, alhali an ƙera su ne domin yaro ya yi wasa da su shekara biyu ko uku ya yar.

Bambancin yana cikin ƙirar. Na Kenner gaɓoɓi biyar kawai yake da su, wato wuya da kafaɗu biyu da cinyoyi biyu. Gangar jikinsa roba ce mai tauri wadda ake kira ABS, ɓari biyu da aka manne a masana'anta manni na dindindin, hannuwa da ƙafafu kuma roba ce mai laushi, wato PVC. Babu ƙusa a jikinsa, babu abin kwancewa. Sojan G.I. Joe kuwa yana lanƙwasa gwiwar hannu da ta ƙafa, yana juya ƙugu, kuma duk wannan motsi ya rataya ne a kan abu ɗaya da ba a gani: wani baƙin zoben roba mai talewa da ke cikin cikinsa, wanda ya zagaye wani ginshiƙi a ƙirji, ya bi ta cikin ƙugu ya kama wata ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da ƙafafun. Ƙaramar ƙusa mai zare guda ɗaya da ke bayansa, wadda muke kira bis, ita ce ta haɗe ƙirji da baya.

Wannan zobe shi ne lagon soja, kuma a garinmu ba ya daɗewa. Na taɓa ajiye wasu a kwali a kan kabat, kusa da rufi, tun daga ƙarshen hunturu har ruwan farko ya sauka. Ranar da na sauko da kwalin na ɗaga na farko, sai ƙirji da kai suka biyo hannuna, ƙafafu da ƙugu suka yi zamansu a ƙasan kwali, zoben kuma ya zubo a tafin hannuna gutsi-gutsi kamar gawayin da aka taka. Mai ganin haka karo na farko zai ce an yi asara, amma gyaran bai ɗauke ni minti 10 ba. Ana kwance bis ɗin baya da ƙaramin turnabis, a raba ƙirjin biyu, a saƙala sabon zobe a ƙugiya, a zura shi ta cikin ƙugu, a ɗora a ginshiƙi, a mayar da kai da hannuwa mazauninsu, a rufe. Irin wannan zobe ana samun sa wajen masu kayan famfo da masu kayan gyaran babur, sai dai ka tafi da guntun tsohon domin ka gwada kauri, kuma idan ka samu biyu da suka yi kusa, ka ɗauki wanda ya fi sassauci. Zoben da ya yi matsi yana jan ƙafafu da ƙarfi har ya tsaga robar ƙugu a tsakanin cinyoyi, kuma wannan tsaga ita ce ɗaya daga cikin manyan raunuka biyu na soja da ba sa warkewa. Ɗayan shi ne babban yatsa. Robar hannunsa mai tauri ce, tana yin gautsi da tsufa, saboda haka da zarar an tura masa bindigarsa da ƙarfi sai yatsan ya ɓalle. Duka biyun hannun mutum ne ke jawo su, kuma babban mutum da ba wasa yake yi da su ba yana iya kauce musu gaba ɗaya.

Na Kenner ba ya tarwatsewa haka. Yana iya faɗowa daga tebur ya tashi lafiya, kuma idan ƙarfin jiki kaɗai ake dubawa, ya fi soja nesa ba kusa ba. Cutarsa a cikin robar take. PVC a asalinsa abu ne mai tauri, irin na bututun famfo, kuma ana cuɗa shi da wani sinadari mai kama da mai domin ya yi laushi. Wannan sinadari bai haɗe da robar haɗewa ta har abada ba, yana tsattsafowa a hankali zuwa waje, zafi kuma yana hanzarta shi. Shi ne za ka taɓa hannun mutum-mutumin ka ji yana kama yatsa kamar an shafa masa ruwan alewa. Da akwai wani fari da na bari a buɗe a falo wata guda cikin hunturu, sai ƙura ta manne wa ƙafafunsa ta zama ja kamar an tsoma shi a kwaɓaɓɓen jan ƙasa, alhali gangar jikin, da yake ba ta gumi, busa ɗaya ta ishe ta. Wanki yana cire wannan danƙo, amma bayan ƴan watanni yana dawowa, kuma duk abin da ya fita ya fita ke nan, robar tana ƙara bushewa, gaɓar kuma tana ƙara sakewa har mutum-mutumin ya kasa tsayuwa. Tunda jikin a manne yake, babu hanyar shiga ciki a matse gaɓar ba tare da an fasa shi ba.

To a nan ne hukuncina ya tsaya. Zafin Damagaram zai ci zoben soja, zai kuma ci robar Kenner, amma abin da yake ci a jikin soja abu ne da ake saye a kasuwa a mayar, abin da yake ci a jikin Kenner kuwa shi ne mutum-mutumin kansa. Da a ce kana zaune a ɗakin soro mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen unguwar Birni, inda tsakar rana ma ake samun sanyi, da na ce ka ɗauki Kenner ka huta da turnabis.

Dalilin da ya sa nake nanata zafi shi ne, abin da za ka karanta a intanet daga masu tara irin waɗannan kaya a Faransa ko Ingila ya fito ne daga ƙasashen da laima da fumfuna suka fi damun su fiye da mu. Mu nan laima ba ta dame mu sai a tsakiyar damina, musamman watan Agusta, kuma abin da take yi bai wuce sa wa bis ɗin soja tsatsa ba, wadda ɗigon man keken ɗinki da kwana ɗaya na haƙuri ke warwarewa, muddin an goge man tas kafin a sa sabon zobe, saboda mai yana lalata roba mai talewa. Abin da ke gabanmu shi ne Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke kai 40 har ya wuce a inuwa, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Masana sinadarai suna da wata ƙa'ida ta kimantawa cewa duk ƙarin zafi na daraja 10 yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewa, saboda haka bazara ɗaya a kan kabat kusa da rufi tana iya yi wa roba tsufan da sai ta yi shekaru a ɗaki mai sanyi kafin ta yi shi.

Sauyin launi ya shafe su duka, sai dai ya fi muni a na Kenner, domin da yawa daga cikinsu farare ne. Farar ABS tana komawa ruwan ɗorawa idan hasken rana da zafi suka daɗe a kanta, kuma da yake gangar jiki da gaɓoɓi ba roba ɗaya ba ce, sai ka ga ƙirji ya yi rawaya hannuwa suna nan fari. Sojoji galibi kore ne da baƙi da ruwan ƙasa, sauyin ba ya tsone ido sosai. Za ka ji ana cewa a jiƙa su a ruwan oksijene na farmasi a shanya a rana su koma fari fat. Suna komawa ɗin, amma rawayar tana dawowa daga baya, fenti yana koɗewa, robar kuma tana ƙara gautsi, don haka ni ba na yi.

Wanki kuwa iri ɗaya ne ga duka biyun: ruwa mai ɗan ɗumi, sabulun wanke kwanoni kaɗan, da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a bi a hankali a kan fuska da hanci da gashi, inda fenti ya fi saurin gogewa, sannan a shanya a inuwa. Soja a kwance shi kafin a jiƙa, domin ruwan da ya kwana a cikinsa shi ke kawo tsatsa. Kada esans ko kananzir ko ruwan goge jan farce su kusance su, domin na ƙarshen nan narkar da ABS yake yi nan take. Kada kuma a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, saboda yashi ne mai laushi kuma yana karce fenti. A busa ta ko a kaɗe da buroshi. Hayaƙin turaren wuta ma yana barin wani maiƙo a jikinsu, musamman masu gumi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka sake tunani game da jera su a falo.

Ka ambaci cewa akwai biyu da ke cikin kwalinsu na asali ba a buɗe ba. A nan ma'aunin ya juye. Sojan da ke cikin kwali zobensa zai mutu kamar na kowa, ya zube a cikin kumfar robar da ta rufe shi, kuma ba za ka iya gyara shi ba sai ka yage kwalin, wanda shi ne ke ɗaga darajarsa. Na Kenner yana zama a tsaye a cikin nasa. Amma ko wanne ne, kumfar tana yin rawaya ta tsage, gam yana bushewa, gara kuma ba ta raina kwali, saboda haka a ɗaki irin naka ba zan biya ƙarin kuɗi domin kwali ba.

Game da ajiya, ka nemi wuri mafi sanyi da duhu a gidan, wato ƙasa-ƙasa a jikin bangon da rana ba ta duka, ka ɗora akwatin a kan bulo biyu saboda gara da ruwan da kan shigo da damina. Kowane ɗaya ya samu ledarsa, irin mai zif ɗin nan, kuma wanda ya fara gumi a bar bakin tasa a buɗe domin ya sha iska. Kada na Kenner su jingina da sojoji ko da makamansu, domin sinadarin da ke fitowa daga roba mai laushi yana cin wasu robobi masu tauri, ya bar musu tabo kamar an ɗora musu wuta. A cire wa sojoji bindigogi daga hannu, a kwantar da su a miƙe. Idan za ka yi doguwar tafiya a bazara, babu laifi ka kwance su ka cire zobban gaba ɗaya har ka dawo.

Idan ka koma wajen mai gwanjon, ka tafi da turnabis a aljihu. Ka duba manyan yatsu biyu na kowane soja, ka ɗaga shi ka leƙa tsakanin cinyoyi, ka lanƙwasa gwiwar hannu a hankali ka ga ko akwai tsaga kusa da ƙusar da ke riƙe ta, sannan ka gwada bis ɗin baya ko yana juyawa. Shekarar da za ka gani a buge a jikinsa ta haƙƙin ƙirar ce, tana iya girmar ranar da aka buga shi kansa. Wanda ka tarar ya rabu uku amma yatsunsa da ƙugunsa lafiya, kada ka bar shi, domin a idon mai sayarwa karyayye ne kuma zai sauke maka farashi, alhali zobe ɗaya kawai yake jira. Ka kuma roƙe shi ya zazzage maka ƙasan buhun, saboda ƙananan bindigogi da huluna da jakunkunan baya can suke taruwa, kuma su ne suka fi wuyar samu daga baya.